Yadda Ake Koyar da Bugun Monotaif ta Hanyar Gwaji

Monotaif bugun zane ne da ake yi a kan abu mai santsi, kamar gilashi ko roba mai tauri ko fallen ƙarfe. A shafa tawada a kansa, a yi zane a cikin tawadar tun tana ɗanya, a kifa takarda a danna, sai zanen ya tashi daga farantin ya koma jikin takarda. Ba a sassaƙa farantin, don haka babu abin da ke riƙe zanen a wurin. Ana ɗaga takarda, shi ke nan, wannan bugun ba zai sake fitowa ba ko da mai shi ya so. Abin da ya sa ya fi sauran nau'o'in bugu daɗin koyarwa ke nan: babu wuƙar sassaƙa, babu asid, kuma cikin minti biyar ɗalibi ya ga abin da hannunsa ya haifar.

Giovanni Benedetto Castiglione, mai zane ɗan birnin Jenowa a Italiya, shi ake dangantawa da fara wannan aiki a shekarun 1640. Yakan lulluɓe farantin tagulla da baƙar tawada, sannan ya goge wuraren da yake son haske. Wanda ya fi shahara da shi kuwa Edgar Degas ne na Faransa, wanda abokinsa Ludovic Lepic ya nuna masa hanyar a tsakiyar shekarun 1870. Degas ya yi irin wannan bugu sama da 300, da tsumma da buroshi da yatsunsa, har shatin yatsun nasa ana gani a wasu. A nan gida ma fasahar bugu ta san amfanin gwaji. Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatu a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, ya gano salonsa na filastogiraf, wato bugu daga faranti mai tudu da kwari, a 1967 ne bayan asid ya ɓata masa faranti, ya cike ɓarnar da gam mai ƙarfi, ya buga, ya ga abin da bai taɓa gani ba. Tun 1998 yake shirya taron bita na shekara-shekara a Agbarha-Otor ta Jihar Delta, inda masu fasaha ke zuwa su gwada kaya da hanyoyi.

Ra'ayina a kan koyar da monotaif shi ne: kada malam ya shigo aji da kyakkyawan bugu ya ce a kwaikwaya. Idan ya yi haka, ɗalibai arba'in za su ƙare suna fafutikar yin abu ɗaya wanda shi kansa malamin ba zai iya maimaitawa ba. Abin da ake koyo a nan shi ne halin tawada da takarda da nauyin hannu, kuma ba a sanin halinsu sai an taɓa su. Amma gwaji ba wasa da tawada ba ne kawai. Ƙa'idarsa guda ce: a kowane bugu a sauya abu ɗaya tak, a rubuta abin da aka sauya. Duk darussan da ke ƙasa a kan wannan ƙa'ida suke tsaye.

Kayan aiki

Faranti: gilashi mai kaurin milimita 5 ko 6 ya fi, domin sirara suna fashewa da an danna. Ka sa mai yankan gilashi ya yanka maka ƙanana, kamar santimita 15 da 20, ya goge bakinsu, kai kuma ka ƙara bin gefen da salatif mai faɗi. Ga yara ƙanana ka bar gilashi, ka nemi roba mai tauri irin wadda masu rubutun allon talla ke amfani da ita, ko tsofaffin farantan alminiyam da maɗaba'u ke zubarwa bayan sun gama aiki; bayansu santsi ne, sai dai gefensu na da kaifi, a naɗe shi. Ƙaramin faranti ya fi babba a farko. Wanda aka ba babban faranti yakan ɓata rabin sa'a yana tunanin abin da zai zana, wanda aka ba ƙarami kuwa ya riga ya yi bugu huɗu.

Tawada iri biyu ce. Mai mai, wato irin ta maɗaba'a, tana jimawa ba ta bushe ba, baƙinta na da zurfi, kuma gwangwani ɗaya zai kai aji zango guda. Mai ruwa ta fi sauƙin wankewa, amma tana saurin bushewa, abin da ke zama babbar matsala da hunturu. Fentin akirilik shi ne mafi taurin kai: a iskar Disamba zai iya bushewa a kan faranti kafin ɗalibi ya ɗauko takarda. Idan mai ruwa kawai gare ka, ɗigo biyu ko uku na gilisirin, wanda ake samu a kemis, zai ja mata lokaci.

Sauran kaya: rola ta roba, wuƙar kwaɓa fenti ko tsohon katin roba, tsummoki, auduga, tsinken sakace, tsohon buroshin haƙori, mataji, cokali na ƙarfe ko na katako, fensir, salatif, tsofaffin jaridu da kwalbar fesa ruwa. Rola ita ce kaɗai abin da ya kamata a kashe wa kuɗi. Mai lanƙwasa ko mai tabo za ta riƙa barin layi a kowane bugu, ɗalibi ya zaci laifinsa ne.

Takarda kuwa, ka tanadi mai arha da yawa. Farar takardar firinta ta isa gwaji, siririyar takarda ma ta fi ɗaukar tawada idan da cokali za a danna. Takardar zane mai kauri a ajiye ta sai ƙarshe.

Shirin aji

Ka raba wurin gida uku: teburin tawada, teburin bugu, da igiyar shanya. Takarda mai tsabta kada ta kusanci teburin tawada. Ka haɗa ɗalibai biyu-biyu, ɗaya ya yi aikin tawada, ɗayan ya kasance mai hannu mai tsabta da zai ɗora takarda ya ɗaga, sannan su yi musanya. Kafin a buga komai, kowa ya yanka takardu goma ya rubuta lamba 1 zuwa 10 a bayansu da fensir. Wannan ƙaramin abu shi ke raba aji mai gwaji da aji mai hargitsi, domin bayan sa'a guda babu wanda zai tuna wanne ya fara bugawa.

Darasi na farko: shimfiɗa tawada kawai

Ranar farko ba a zana komai. Ɗalibai za su yi gunaguni, ka bar su.

Ka ɗebo tawada kamar ƙwayar gyaɗa ka sa a gefen wani gilashi daban, ka baza ta da wuƙa, sannan ka bi ta da rola. Ana tura rola gaba, a ɗaga, a dawo da ita farko, a sake turawa. Idan ana kai da komo ba a ɗagawa, wuri ɗaya na rolar ne kawai ke ɗaukar tawada. A juya a bi ta ɗaya ɓangaren. Tawadar da ta yi daidai fuskarta kan yi laushi kamar karammiski, kuma rola na yin ƙara siririya. Idan ana jin caɓ-caɓ, ana ganin ƙananan tsini suna tashi, ta yi yawa. A kankare rabi. Kusan duk mai koyo yawa yake sawa, ban cika ganin mai ƙarantawa ba.

Daga nan a ɗauki tawadar da rola a shimfiɗa a faranti, a kifa takarda, a riƙe ta da hannu ɗaya kada ta motsa, a bi bayanta da gindin cokali ana zagayawa a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Kafin a cire gaba ɗaya a ɗaga kusurwa ɗaya a leƙa. Inda bai kama ba a mayar a ƙara murzawa.

Yanzu gwajin. Bugu na 1 da tafin hannu kawai. Na 2 da cokali. Na 3 da cokali a kan takardar da aka fesa wa ruwa aka tsane ta tsakanin tsummoki biyu, ta yi sanyi a hannu amma ba ta ƙyalli. Na 4 da tawada mai yawa da gangan. Na 5 da tawada kaɗan. Na 6 kuwa kada a ƙara tawada, a buga abin da ya rage a farantin bayan na 5. A jera su a ƙasa a tsaya a kansu. Ba sai ka yi dogon bayani ba: kowa zai ga cewa takarda mai damshi ta fi shan tawadar mai, kuma tafin hannu na barin fari-fari kamar gishiri.

Darasi na biyu: fito da haske daga duhu

Wannan ita ce hanyar Castiglione da Degas, kuma ita na fi so a fara zane da ita. A lulluɓe faranti da baƙi, sannan a goge. Duk inda aka goge shi zai fito fari.

Amfaninta ga mai koyo babba ne. Yawancin ɗalibai sun saba zana layin gefen abu da biro su cike ciki. A nan dole su yi tunanin ina haske yake faɗowa. Ka ajiye buta ko tulu kusa da taga, ka ce a goge inda rana ta taɓa kawai, a bar sauran. Da farko hannunsu zai riƙa komawa zana baki, amma zuwa bugu na uku wasu za su gano cewa goge uku ko huɗu sun isa a gane buta ce.

Kafin butar, a yi farantin gwaji: a raba shi gida shida, kowane gida a taɓa shi da abu daban. Tsumma da aka naɗe a yatsa yana ba da fari tas. Auduga na ba da toka-toka mai laushi. Tsinke na ba da siririn layi mai kaifi, mataji na ba da layuka jere, buroshin haƙori na ba da kaushi. Ledar da aka cukuikuye aka danna aka ɗaga tana barin wani irin zane mai kama da dutse. Ganyen darbejiya, guntun buhu, ragar sauro, tsohon leshi, duk a danna su a ɗaga a gani. Wannan takarda guda ɗalibi zai riƙa komawa gare ta har ƙarshen zango, saboda haka a rubuta sunan kowane abu a ƙarƙashin gidansa.

A nan ne ma za su ci karo da juyewar zane. Abin da ke dama a faranti hagu yake fitowa a takarda. Kada ka gaya musu tun farko. Ka ce kowa ya rubuta sunansa a tawada ya buga. Dariyar da za a yi ta fi bayani zama a kai. Wanda yake son rubutu ya fito daidai, na boko ne ko na ajami, sai ya rubuta a siririyar takarda, ya kifa ta ƙarƙashin gilashi, ya bi ta baya. Wata magana a gefe: kada a yi gwaji da ayoyi ko sunayen Allah, domin takardun gwaji a ƙasa da kwandon shara suke ƙarewa. Wanda kuma ba ya son zana mai rai bai rasa komai ba, ga dagi, ga zanen gini, ga zayyana, ga ganye.

Darasi na uku: zane a kan faranti mai tsabta

Kishiyar ta baya ce. A bar gilashi fari, a zana da buroshi kai tsaye. A sassauta tawadar mai da ɗigon man linsid, wato man da masu zane ke sassauta fenti da shi, amma kaɗan, domin duk wurin da tawada ta yi tudu zai baje idan aka danna. Tunda gilashi ne, ana iya sa zanen fensir a ƙarƙashinsa a bi. Ba ta da wuyar fahimta, darasi ɗaya ya isa.

Akwai wata dabara da ta dace da lokacin hunturu ƙwarai. A jiƙa ƙaro a ruwa, irin wanda ake sa wa tawadar allo, a tace, a shafa shi siriri a faranti, a bar shi ya bushe. A yi zane a kansa da fentin ruwa, a bar shi ma ya bushe sarai. Sai a kifa takarda mai damshi a murza: damshin zai narkar da ƙaron ya ɗago fentin duka. Bushewar da ke zama matsala a sauran hanyoyi a nan ba ta dame ka ba, ɗalibi zai iya zane yau ya buga gobe. Idan babu ƙaro, ɗigon sabulun ruwa na wanke-wanke da aka baza siriri zai yi aikin.

Darasi na huɗu: zane ta bayan takarda

Paul Gauguin, mai zane ɗan Faransa, ya yi amfani da irin wannan hanya a tsibirin Tahiti wajen 1900, kuma ita ce mafi sauƙi ga wanda ba shi da injin matsi. A shimfiɗa tawada siririya ƙwarai, a kifa jarida a kai a shafa sama-sama a cire don ta kwashe rarar. Sannan a ɗora takarda a hankali ba tare da dannawa ba, a manne gefe ɗaya da salatif, a yi zane a bayanta da fensir ko biro. Inda bakin fensir ya bi, nan tawada ke kamawa, layin ya fito da gashi-gashi mai laushi wanda babu alƙalamin da zai ba da irinsa. Sharaɗin shi ne kada gefen hannu ya kwanta a takarda, don duk inda ya taɓa baƙi zai fito. Daga baya wannan ma sai ya zama kayan aiki: a shafa da yatsa da gangan inda ake son inuwa.

Idan aka ɗaga, kada a wanke faranti. Zanen yana nan a jikinsa, fararen layuka cikin baƙi. A ɗora sabuwar takarda a murza da cokali, an sami bugu biyu daga zane ɗaya.

Bugu na biyu da ƙarin launi

Bayan kowane bugu akwai sauran tawada a faranti. Idan aka buga ta, zane mai dishi-dishi ke fitowa, kuma sau da yawa ya fi na farko kyau. Degas yakan ɗauki irin waɗannan ya bi su da allin fastel mai launi. Ka hana ɗalibai saurin wanke faranti. Su buga ragowar, ko su ƙara sabuwar tawada a wasu wurare kawai su bar sauran, sai a sami mai duhu a gaba, mai haske a baya, zanen ya yi zurfi. Ta haka bugu ɗaya ke haifar da na gaba har a sami jeri na biyar ko shida masu dangantaka.

Don launi fiye da ɗaya a takarda guda, dole takarda ta riƙa sauka wuri ɗaya. A zana shatin faranti da shatin takarda a kan kwali, a manne takardar a gefe ɗaya yadda za ta riƙa buɗewa kamar shafin littafi. A buga rawaya, a buɗe, a goge faranti, a sa ja, a mayar da shi cikin shatinsa, a rufe, a murza. Shuɗi ko baƙi a ƙarshe. Mai haske ake farawa da shi. Inda ake son launin ƙasa ya tsira, a rufe wurin da yankakkiyar takarda, ko da yankakken salatif irin na masu ƙunshi. Masu ƙwazo kuma ka ba su wannan su gwada: tawadar da aka sassauta da mai tana ƙin karɓar mai tauri idan aka bi ta kanta da rola, amma mai tauri tana karɓar mai laushi. Su gwada ta kowane ɓangare su rubuta abin da suka gani.

Idan bugu ya ƙi

Ka koya musu karanta matsala da kansu. Zane ya baje, layuka sun cike: tawada ta yi yawa. Fari-fari ko'ina: ko matsi bai isa ba, ko takarda ta bushe, ko tawada ta fara bushewa. Takarda ta manne tana yagewa: tawada ta yi danƙo ko takarda ta jiƙe da yawa. Layi ya fito biyu-biyu: takarda ta motsa. Ƙananan ɗigo masu farin zobe: ƙura ce ko busasshiyar fatar tawada, abin da ya fi yawa da hunturu, don haka a rufe tagar da iska ke shigowa, a kuma kifa faranti idan ba a aiki da shi. Idan ɗalibi ya kawo maka bugun da ya lalace yana cewa, "Malam, ya ɓaci," ka tambaye shi me ya sauya daga na baya. In bai sani ba, ya koma ya duba abin da ya rubuta.

Tattaunawa da ba da maki

Minti goma sha biyar na ƙarshe a shanya komai a igiya bisa lamba, har da waɗanda masu su ke son ɓoyewa. Kada a tambayi wanne ya fi kyau. A nuna wani wuri a wani bugu a ce, "Yaya aka yi nan ya fito haka?" Mai shi ya yi bayani, sannan a ce wani ya je ya fitar da irinsa. Zanen ba zai maimaitu ba, amma laushin inuwar ko kaushin layin zai maimaitu idan an fahimci dalilinsa. A kan wannan nake ganin ya kamata a ba da maki: yawan gwajin da ɗalibi ya yi, tsabtar bayanin da ya rubuta, da ko zai iya sake fitar da abin da ya fara samu bisa tsautsayi. Kyan bugun ƙarshe ya ɗauki kaso kaɗan, in ba haka ba masu baiwar zane za su kwashe maki ba tare da sun gwada komai ba.

Wanki da ajiya

Kada a shigo da fetur ko kananzir aji. A kankare ragowar tawada da kati a shafe a jarida, a zuba ɗan man gyaɗa a faranti da rola, a murza, a goge da tsumma, sannan a wanke da sabulu da ruwa. A jingine rola a bayanta yadda robar ba za ta taɓa tebur ba, don kada ta yi kwanci. Tsummokin da suka sha man linsid kada a tara su a dunƙule, suna iya ɗaukar zafi har su kama wuta da kansu; a baza su a waje su bushe, ko a nutsar da su cikin gwangwanin ruwa. A bar tagogi a buɗe idan da tawadar maɗaba'a ake aiki.

Bugun tawadar mai yana buƙatar kwana biyu zuwa mako kafin ya bushe, da damina ya fi jimawa, kuma ba a jibga shi kan juna kafin nan. Takardar da aka jiƙa za ta yi lanƙwasa; idan tawada ta bushe a sa ta tsakanin fararen takardu a danne da littattafai. Wanda aka zaɓa don nunawa, a sa masa hannu da fensir a ƙasan zane: a hagu a rubuta 1/1, wato bugu ɗaya tak da babu na biyunsa, a tsakiya sunan aikin, a dama sunan mai shi da shekara. Sauran kuma a ɗinke su bisa lamba su zama littafin gwajin ɗalibi, wanda zai zo da shi darasi na gaba.